Motar asibiti za mu saya, ko direbobi za mu horar? Me bincike ya nuna?

Garba_Sakataren_Tasha: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu aikin lafiya don Allah ku taimaka. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta tara kuɗi, yanzu an rabu gida biyu. Wasu sun ce a sayo motar asibiti 'yar Kwatano mai kaya a ciki, a ɗauki ma'aikaci. Wasu, har da ni, mun ce a koya wa direbobi da 'yan acaba taimakon gaggawa, a raba musu bandeji da safar hannu.

Abin da ya tayar da maganar, cikin azumin da ya wuce wata Sharon ta yi taho-mu-gama da tirela a bayan gari. Ina wurin. Wani yaro da bai fi shekara sha bakwai ba, cinyarsa ta yage, jini na tsartuwa. Wani mai kemis ya rugo da ledar ruwa, ya yi ta neman jijiya, ya soka nan ya soka can, ya kai minti ashirin. Duk cikinmu ba wanda ya danne ciwon, kowa ruwan nan yake kallo. Muka sa shi a bayan a-kori-kura, tafiyar minti arba'in zuwa babban asibiti, kafin mu kai rai ya yi halinsa. Har yau abin na cina. Shin akwai binciken da ya nuna abin da ake yi wa mutum kafin asibiti yana ceton rai? Wanne ne ke ceto, wanne ne ɓata lokaci?

Maman_Hanan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri.

Dakta_Sadiya: Amin. Malam Garba, ainihin abin da ka gani an taɓa gwada shi. A birnin Houston na Amurka, binciken ya fito a 1994. Mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki, jininsu ya yi ƙasa. Kashi ɗaya aka sa musu ruwa tun a hanya, kashi ɗaya aka jinkirta sai da suka shiga ɗakin tiyata. Waɗanda aka jinkirta wa, kashi 70 cikin 100 suka rayu. Waɗanda aka yi wa gaggawar ruwa, kashi 62.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan jijiya ta ɓalle, jiki na ƙoƙarin toshe ta da gudan jini. Ka ɗura ruwa da yawa, ƙarfin bugun jini ya tashi, ya ture gudan nan, kuma ruwan ya tsinka jinin da ya rage har ya kasa daskarewa. Kamar randa ce mai huda, kana ta zuba ruwa ba ka liƙe hudar ba. Yaron nan hannu yake buƙata a kan ciwon, da ƙarfi, ba a ɗagawa. Ban ce lallai da ya rayu ba, wannan sanin Allah ne.

Mai_Gardama01: To ai ga shi nan. Houston! Dakta, can fa minti nawa ne tsakanin titi da ɗakin tiyata? Mu nan ka kai mutum asibiti a ce likita ya tafi masallaci, janareta ba mai. Kullum binciken Turawa ake ɗora mana kamar wahayi.

Dakta_Sadiya: A wannan kam ka yi gaskiya. Cikin birni aka yi shi, asibiti na kusa, kuma raunin harbi da suka ne. Wanda ya bugu a ka, barin jininsa ya yi ƙasa na ƙara lalata ƙwaƙwalwa, shi hukuncinsa daban. Wanda zai yi tafiyar awa uku ma daban. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne kada neman jijiya ya hana tsayar da jini, kada kuma ya hana tafiya.

Bashir_Birmingham: Ni aikin motar asibiti nake a Ingila, shekarata ta shida. Bari in faɗi abin da mu kanmu ba mu son ji. A lardin Ontario na Kanada an yi wani babban bincike da ake kira OPALS. Garuruwan na da ma'aikata masu horo na farko, masu danna ƙirji da na'urar da ke ba zuciya shokin. Sai aka ƙara masu babban horo, masu zura bututu a maƙogwaro da yin allurai. Cikin mutum 5,638 da zuciyarsu ta tsaya, masu fita asibiti da rai sun tashi daga kashi 5.0 zuwa 5.1. Wato babu bambanci. A 2004 ya fito. Abin da ya ninka damar rayuwa kusan sau uku ko fiye shi ne wani na kusa ya fara danna ƙirji nan take, da kuma na'urar ta iso da wuri. Da suka duba masu munanan raunuka, ya fito a 2008, nan ma ba a ga ƙari ba.

Nan Ingila kuma a 2018 sakamako biyu suka fito. Na farko kan allurar adrenalin, wadda aka shafe shekaru da dama ana yi ba tare da gwaji na sosai ba. Mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya, rabi adrenalin, rabi ruwan gishiri, ma'aikacin da kansa bai san wanne ke hannunsa ba. Bayan kwana 30, kashi 3.2 ne ke raye a ɓangaren adrenalin, 2.4 a ɗaya ɓangaren. Amma cikin waɗanda suka rayu da adrenalin, kusan ɗaya cikin uku ƙwaƙwalwarsu ta lalace sosai. Na biyu kan bututun maƙogwaro ne, abin da muke alfahari da iyawa. Aka gwada shi da wata roba mai sauƙi da ake turawa baki kawai, a mutum sama da 9,000 da su ma zuciyarsu ta tsaya. Kunnen doki. Ranar da aka karanta mana wannan a wurin aiki, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana zura bututu ya tashi ya fita shan iska.

Nas_Iliya: Yanzu dai so kuke ku ce aikinmu na banza ne ke nan? Shekarata tara a bayan mota. Bashir ka kawo rabin OPALS ka bar rabi. Wannan binciken dai, da ya zo kan masu sarƙewar numfashi, a 2007, mutuwa ta sauka daga kashi 14.3 zuwa 12.4 bayan shigowar masu babban horo. Sannan farfaɗiya da ta ƙi tsayawa: a Amurka an gwada allurar midazolam a tsoka tun a mota, 2012, kashi 73 sun daina jijjiga kafin a kai asibiti, waɗanda aka tsaya nema wa jijiya don wani maganin kashi 63. Ɗan acaba zai yi wannan?

Na taɓa ɗauko wata yarinya mai asma daga wani ƙauye, leɓɓanta sun yi baƙi, ba ta iya haɗa kalma biyu. Na sa mata abin shaƙa da iskar oksijin tun daga ƙofar gida. Kafin mu hau kwalta ta fara tambayar ina takalminta. A bayan babur da ba ta kai ba.

Bashir_Birmingham: Yaya Iliya ban musa ba, kuma laifina ne da na tsallake shi. Ya danganta da ciwon. Numfashi, farfaɗiya, sukari ya faɗi ƙasa, nan magani a mota na aiki. Zubar jini a cikin ciki kuwa wuƙar likitan tiyata ce kawai maganinsa, duk minti da muka ƙara a bakin titi asara ne. Ko iskar ma sai da lissafi. A Tasmaniya ta Ostareliya an gwada a 2010, masu tsohon ciwon huhu da aka buɗe musu iska gaba ɗaya sun fi mutuwa a kan waɗanda aka auna musu daidai buƙata.

Awudu_Kumasi: Salamu alaikum daga Zango. Malam Garba, abin da kake so ku yi an yi shi nan garinmu tun kafin a kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004. Wani likita, Charles Mock, da abokan aikinsa na jami'ar Kumasi sun lura yawancin masu haɗari direbobin tasi da trotro, wato ƙananan bas na haya, ne ke kai su asibiti. Sai suka haɗa kai da yuniyon suka koyar da direba 335, darasi na 'yan awoyi, ba dogon turanci, da hannu ake nunawa. Yadda za a buɗe hanyar numfashi, a kwantar da wanda ya suma a gefensa, a danne jini, a ɗaure karaya da katako ko kwali. Da aka koma aka tambayi wasunsu bayan watanni, kusan shida cikin goma sun riga sun yi amfani da abin a hanya.

Dakta_Sadiya: Gaskiya ne Malam Awudu, amma a faɗi iyakarsa: direbobin aka tambaya me suka yi, ba a ƙirga rayukan da aka ceto ba. Wanda ya ƙirga rayuka shi ne na Hans Husum, likita ɗan Norway, a arewacin Iraƙi da Kambodiya, yankunan da ke cike da nakiyoyin da aka binne. Ba motar asibiti, tafiya zuwa tiyata awoyi. Suka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye 135, su kuma suka koyar da mutanen gari sama da 5,000. Tsakanin 1997 da 2001, cikin masu rauni 1,061, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 zuwa kusan 15. Abin da suka koyar: cusa ƙyalle mai tsabta cikin rauni a danne, buɗe numfashi, lulluɓe mutum kada jikinsa ya yi sanyi, don jini mai sanyi ba ya daskarewa da kyau. @Mai_Gardama01 wannan fa ba Houston ba ce.

Mai_Gardama01: Na ji. Amma "da" da "yanzu" aka gwada, ko ba haka ba? Ba a raba mutane biyu kamar na Bashir ba. Wa ya sani ko yaƙin ne ya lafa, ko asibitin ne ya gyaru a shekarun?

Dakta_Sadiya: Haka ne, wannan rauninsa ne. Sai dai ba wanda zai yarda a raba ƙauye biyu a ce ku a danne muku jini, ku kuma a bar ku. Wani abin ba a iya gwada shi ta wannan hanyar.

Ɗan_Tawa: Mu nan Nijar in haɗari ya faru cikin gari 18 muke kira, sojojin kwana-kwana su zo. Suna ƙoƙari wallahi. Amma ka fita daji, amalanke da kabu-kabu ne motar likita. Wani ƙanena ya faɗo daga raƙumi, mutane sunka naɗe shi cikin tabarma sunka aza bisa amalanken jaki. Ni abin da nake son sani, wannan abin wuya da allon da ake ɗaure mutum bisa, dole ne? Don mu ba mu da shi.

Bashir_Birmingham: Tambaya mai kyau. Shekaru ana ɗaure kowa a allo kamar farilla. A 1998 aka kwatanta asibiti a New Mexico ta Amurka, inda ake ɗaure kowa, da asibiti a Maleshiya, inda ba a ɗaure kowa. Ba a ga ɗaurin ya rage shanyewar jiki ba. Ƙaramin bincike ne, amma ya buɗe ƙofa. A 2010 wani ya nuna masu raunin harbi ko suka da aka tsaya ɗaurewa sun fi mutuwa kusan ninki biyu. Yanzu mu allo na ciro mutum ne kawai, ba ma barin sa a kai. Amma kada a fahimce ni baibai: wanda ya faɗo yana kukan wuya ko ƙafafunsa sun mutu, a ɗauke shi mutum huɗu ko biyar a miƙe, ɗaya na riƙe da kai, a tare gefen kan da tsumma. Ɗaukar hannu da ƙafa a jefa bayan mota, wannan ita ke ƙarasa mutane.

Maman_Hanan: Duk maganar haɗarin mota kuke, kun manta da mata. Ni ungozoma ce, shekara goma sha huɗu. Malam Garba, motar da za ku saya, in ka duba littafinta bayan shekara, masu naƙuda za ka tarar sun fi yawa. Kuma direbobin yuniyon ɗinku sun daɗe a wannan aikin, an yi tsarin da ake horar da 'yan NURTW su kai mai naƙuda asibiti a Jigawa, Katsina, Zamfara, Yobe, daga baya Adamawa.

Abu biyu nake so ku sa a lissafi. Akwai rigar nan ta roba mai maɗauri da ake naɗe mace da ita daga ƙafa zuwa ciki in jini ya ɓalle bayan haihuwa. An gwada ta a Najeriya, har da Kano, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2012 a matsayin abin riƙe rai kafin a kai inda za a yi aiki. Ana wanke ta a sake amfani. Na taɓa naɗe wata da idonta ya riga ya kafe, muna cikin mota ta buɗe ido ta ce ina jaririnta. Na biyu allurar tranexamic acid, mai rage zubar jini. Binciken WOMAN, 2017, mata 20,060, Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ba da mata. In an yi ta cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ta da tsada.

Nas_Iliya: Anti, allurar nan ce ai aka gwada a motocin asibiti a binciken CRASH-2, mutum dubu ashirin.

Dakta_Sadiya: Ɗan gyara, Iliya. CRASH-2 a cikin asibitoci aka yi, 274 a ƙasashe 40, masu munanan raunuka 20,211, ya fito 2010. Mutuwa kashi 14.5 da allurar, 16 babu ita. Abin da ya sa aka kai ta mota shi ne an ga da wuri ta fi aiki, bayan awa uku kuma tana iya cutarwa. Da aka gwada ta a mota takanas, yawanci a Ostareliya da New Zealand, 2023, an samu ƙarancin mutuwa a watan farko, amma bayan wata shida yawan waɗanda suka koma rayuwa mai kyau ɗaya ne. Can asibiti na kusa. Inda tafiya ke cin awa biyu, ni ina ganin hujjar yin ta a hanya ta fi ƙarfi, amma wannan ra'ayina ne.

Yakubu_Kaltungo: Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. In za ku koyar da ɗaure ƙafa don tsayar da jini, don girman Allah ku raba shi da saran maciji. Mu nan ƙasar kububuwa ce. Mutum zai zo an ɗaure masa ƙafa da robar taya tun daga gona, an tsattsaga wurin da reza, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, ka ga tsagar nan sai ta yi ta zuba. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da abin hannu, a hana ƙafar motsi, a nufi inda ke da allurar dafi.

Bashir_Birmingham: Sosai. Ɗaurin na jinin da ke tsartuwa ne daga hannu ko ƙafa wanda dannewa ta kasa. A wani asibitin sojan Amurka a Bagadaza an duba mutum 232: waɗanda aka ɗaure kafin jiki ya saki, tara cikin goma sun rayu, waɗanda aka ɗaure bayan ya saki, ɗaya cikin goma. Amma da maɗauri mai faɗi na musamman. Igiya ko waya na yanka nama ne, sau da yawa ta toshe jinin da ke komawa ta bar mai fitowa, zubar ta ƙaru. A rubuta lokacin da aka ɗaura.

Hajiya_Binta_Yola: Ni darasin da na gani da idona na zazzaɓi ne. Akwai maganin artesunate da ake sa wa yaro ta dubura a ƙauye in zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, kafin a kai shi asibiti. Gwajin da aka yi a Ghana, Tanzaniya da Bangladesh, 2009, ya nuna cikin waɗanda suka wuce awa shida ba su isa asibiti ba, mutuwa ko naƙasa ta ragu da rabi. Da aka kawo shi aikace, a nan Adamawa da Uganda da Kwango, ba a ga wannan ribar ba. Yara da yawa ba a ƙarasa da su asibiti ba, ko an je ba su samu cikakken magani ba. Uwa ta ga yaro ya buɗe ido ya karɓi nono, ga kuɗin mota, ga gona, sai a zauna. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dakata da faɗaɗa shi a farkon 2022, daga baya ta ce a ci gaba amma sai an tabbatar da hanyar kai yaro asibiti. Maganin bai canja ba, abin da ke bayansa ne babu.

Mai_Gardama01: Hajiya ta faɗi abin da nake ta faɗa tun ɗazu. Sannan wa zai taɓa mai haɗari? Ka kai shi a riƙe ka, a ce kawo rahoton 'yan sanda. Ni an taɓa zaunar da ni tun la'asar har sha ɗayan dare saboda na taimaki wanda ban sani ba, rigata duk jini.

Barista_Nura: Doka dai na gefenka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa. Ta 2017 kan masu raunin harbi ta ce a yi magani ko babu takardar 'yan sanda, kuma kada a wulaƙanta wanda ya kawo shi. Aiki da ita ne matsala. Malam Garba, in kun yi horon ku gayyaci DPO da 'yan Road Safety, a yi wa direbobin katin shaida. Lambar Road Safety 122, ta ƙasa baki ɗaya 112.

Ummi_Health_Tech: Don Allah Dakta, a makaranta an ce mana in mai rauni bai isa asibiti cikin awa ɗaya ba shi ke nan. Gaskiya ne? Jarabawa muke da ita ranar Litinin.

Dakta_Sadiya: Ƙanwata, a jarabawa rubuta abin da malaminku ya ce. Maganar daga R Adams Cowley ta yaɗu, likitan tiyata a Baltimore. A 2001 wasu suka bi diddigi ba su samu binciken da ya kafa minti sittin ɗin ba. Wani jinin minti biyar ya ishe shi, wani raunin zai jira awa huɗu. Kada dai ki je ki ce lokaci ba shi da muhimmanci.

Garba_Sakataren_Tasha: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kwafe duka a takarda. Gaskiya na shigo ina neman hujjar kayar da 'yan ɓangaren mota, sai ga Nas Iliya da Maman Hanan sun sa ni tunani, don matar ƙanena ma a Adaidaita ta haihu bara. Amma kuɗin ba zai yi duka biyu yadda ake so ba. Kuma ba wanda ya yi lissafin mai da albashin direba da na ma'aikaci a taronmu, sai farashin motar kawai.

Nas_Iliya: To ka tambaye su wannan tukuna. Akwai motoci uku a harabar wurin aikinmu, duk kyauta aka kawo su da biki da 'yan jarida. Ɗaya ce ke tashi. Ɗaya kaji ke ƙwai a ƙarƙashinta.

Maman_Hanan: Ko tsohuwar Sharon ce a cire kujerun baya a sa katifa, in dai akwai mai a tanki da lambar da za a kira da ƙarfe biyun dare a ɗauka. Rigar nan kuma ku saya ko biyu ne.

Mai_Gardama01: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya kawo binciken da aka yi a kan hanyar Kano zuwa Zariya ba.

Garba_Sakataren_Tasha: Taron ranar Juma'a ne bayan sallar la'asar. Nas Iliya, na tura maka saƙo ta akwati, in da hali ka zo ka nuna musu yadda ake danne jinin nan a gaban kowa. Mai kemis ɗin ma zai zo, shi ya fara tambayata ko akwai inda ake koyarwa.